Baƙon da Ya Ƙi Cin Gyaɗa

Ina ɗaki ina ninke kaya bayan la'asar na ji kofunan shayi suna karo da juna a kan faranti, alhali ba kowa a kicin. Da na leƙa, sai ga wani abu tsaye da ƙafafun baya yana kallona. Siriri ne dogo, ƙafafunsa gajeru, bayansa ruwan ƙasa, cikinsa ruwan ɗorawa, ga doguwar jela mai baƙi a ƙarshe kamar an tsoma ta a tawada. Na ce a raina kurege ne, ko da yake tun zuwana Jidda ban taɓa ganin kurege ba.

Na kife shi da kwandon wanki, ya sulale ta kafar da yatsuna biyu suke shiga da ƙyar. Duk inda kansa ya wuce, jikinsa ma ya wuce. Da dabara da salati na samu ya shiga tsohon kejin tsuntsu, na naɗe kejin da ragar taga.

Haris, wato mai gadin benenmu a unguwar Bani Malik, shi ya ba ni labarinsa. Maƙwabtanmu na hawan sama ne suka saye shi a kasuwar tsuntsaye, da za su koma ƙasarsu suka bar shi. Ya ce dabbar ƙasar sanyi ce.

Maigida ya dawo, ya leƙa kejin, ya toshe hanci.

"Hajiya, ai wannan ɓera ne aka ja shi ya yi tsawo. Ga wari. Yalla, maza a sake shi a titi."

"A wannan zafin, Alhaji? Kafin kyanwoyin bola su gan shi rana ta gama da shi."

"To ke ce kafilinsa ke nan? Iƙamarsa, takardar zamansa, tana hannunki?"

"Ni ce."

Ya yi dariya, sannan ya ce, "Halas, shi ke nan. Amma in ya mutu a kejin nan, ke da Ubangijinki."

Maganar ta zauna mini a ƙirji. Kowa ya san makomar matar da ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Ni na kulle shi, cikinsa yana wuyana.

Na kai kejin ɗaki mai na'urar sanyi, na zuba masa gyaɗa. Ko shinshinawa bai yi ba. Na kawo dabino, na gutsuro burodi. Maƙwabciyata 'yar Nijar ta aiko da gero, ta ce ba kuregen da zai ƙi shi. Ruwa kawai yake lasa. Washegari abin da jiya ke zagaye keji kamar walƙiya ya naɗe wuri ɗaya, haƙarƙarinsa na hawa da sauka. Alhaji ya ce in haƙura. Na ce sai na ga abin da ya ture wa buzu naɗi a kansa, ba zan tashi ba.

Bayan azahar na jawo sallayata gaban kejin na zauna, casbi a hannu, ido a kansa. Autata, wadda a nan aka haife ta, Hausarta rabi Larabci, ta raɓu da ni. Can sai ya yi hamma. Kurege haƙoran gaba gare shi, manya masu faɗi, na gwaguyar gyaɗa. Wannan kuwa fiƙoƙi na gani, masu tsini irin na kyanwa. A sakandare an koya mana cewa haƙorin dabba shi ke faɗin abincinta. Ashe mai cin nama nake ta tura wa dabino.

Na tashi da sauri na ciro hantar kazar da na ajiye don miya, na yanko ɗanya, na tura da tsinke. Ya ɗaga kai. Hancinsa ya motsa. Sai ya yi wuf ya cafke ta kamar ya kama wuyan ɓera, ya ja ta lungu, ya juya mana baya. Har taunarsa muna ji.

Yarinyar ta ja gefen mayafina, murya ƙasa-ƙasa.

"Umma, shufi, duba, yana ci! Amma bai yi bisimilla ba."