Ranar da Na Yi Iyo da Zakunan Teku

Ni 'yar Sarkawa ce, haihuwar Kaoje. Ban san lokacin da na koyi iyo ba, na dai buɗe ido na gan ni cikin ruwa. Idan Baba zai kai bandar kifi kasuwar tsallaken Benin yakan tafi da ni, in rana ta yi zafi sai in sulale cikin kogin Kwara in bi kwalekwalensa da iyo. Da na fara zama budurwa Inna ta ce ya isa haka. Ban yi gardama ba. Makaranta ta zo, aure ya zo, na zama malamar gona a Bagudo, na haifi 'ya'ya huɗu. Kusan shekara talatin ruwa bai wuce mini gwiwa ba.

Daga wurin aiki aka tura mu ƙasar Peru kwas kan noman shinkafa. Ranar hutu masu masaukinmu suka ɗebe mu a jirgin ruwa mai inji zuwa wasu tsibirai na dutse, wai za mu ga zakunan teku. Mu biyu ne daga gida, ni da shugaban sashenmu, dattijo mai kirki wanda tun da jirgi ya tashi amai ya sa shi gaba.

Warinsu muka fara ji kafin mu gan su, ƙarni mai hawa kai, ko ni da na tashi cikin kifi sai da na toshe hanci. Sai kuma kuka, kamar an tara raguna da karnuka wuri guda. Da muka matso na ga dutsen da kansa yana motsi. Ashe su ne, jibge a kan juna, wasu na zamewa suna faɗawa ruwa.

Matar da ke yi mana jagora ta fito da rigunan roba masu hana sanyi, ta ce mai son shiga ruwa ya karɓa. Ta bi kowa tana tambaya. Da ta zo kaina ta dubi hijabina, ta yi murmushi, ta wuce.

Wucewar nan ce ta tsaya mini a rai. Na kira ta na ce, "Ki ba ni ɗaya."

"Kin iya ruwa?"

"Cikinsa aka haife ni."

Shugabana ya ɗago kai da ƙyar. "Hajiya, ki rufa mana asiri. In wani abu ya same ki, me zan je in faɗa wa maigidanki?"

"Ranka ya daɗe, ka ce masa ka hana ni na ƙi ji."

Na shiga ɗan ɗakin jirgin na sa rigar, na ɗora doguwar rigata a sama, na ɗaure ƙaramin hijabi tamau, aka ƙara mini rigar ceto. Jagorar ta ce mu kwanta rigingine, ƙafafu a gaba, kada kowa ya kai musu hannu. Na yi bismillah na saki tsanin jirgin.

Sanyin ya shige ni har ƙashi. Numfashina ya ɗauke, gishiri ya cika mini baki, na kuma tuna ban san zurfin abin da ke ƙarƙashina ba. Na fara laluben tsani in koma. Amma ƙafafuna ba su jira shawarata ba, sun kama aikinsu kamar jiya na bari. Kaɗan-kaɗan numfashi ya dawo.

Ƙananan zakunan ne suka zo, manyan ba su kula mu ba. Ɗaya ta ɓullo dab da ni, idanu dara-dara, ga gashin baki tsaye. Ta kalle ni, na kalle ta. Ta nutse, na ji ta shinshina tafin ƙafata, ta ɓullo ta baya ta fesa mini ruwa. Bakin rigata da ke yawo a ruwa ya ɗauki hankalinta, ta riƙa zagaya shi tana ja a hankali tana saki. Dariya ta kama ni har na sha ruwa. Ni ce ta ƙarshen fitowa, jagorar da kanta ta miƙo hannu ta jawo ni, haƙorana na karo da juna. Shugabana kuwa, duk da halin da yake ciki, ashe ya ɗauki bidiyon komai a waya.

Da na dawo na je Kaoje gaida Baba. Ya tsufa, ya daina fita kamun kifi. Ya kalli bidiyon har sau uku, wayar dab da idonsa.

"Wanga ba ayu ba ne, ba kuma karen ruwa ba," in ji shi. "Ana cin shi?"

"A'a, Baba, kallonsu kawai ake zuwa yi."

Ya girgiza kai. Matar ƙanena da ke leƙe ta kafaɗarsa ba dabbobin take kallo ba. Ta ce, "Yaya, ashe kin iya haka? Bara da ambaliya ta shigo gari, a wuya na ɗauki yaran nan, ni kaina ban iya ba." Ta roƙe ni in koya wa 'ya'yanta mata.

Da ruwa ya ja baya muka samu wani lungu mai yashi, nesa da mashigin maza. Na fara da yaranta uku. Asabar ta biyu uwarsu ta ɗaura zani a ƙirji ta shigo, tana ihu tana riƙe da wuyana. Yanzu mun kai mu tara, har da wata gwaggo da ta rantse kallo kawai take zuwa yi, amma kullum da zanin canji take tahowa.