Layin Yana Aljihun Maigidan

A rumfar mai cajin waya a kasuwar Yankara nake ganinta. Ba za ta wuce shekara arba'in ba. Mayafinta shuɗi ne da ya koɗe, ƙafarta duk kaushi, irin na mai yawan tafiyar ƙasa. Tana miƙa waya da hannu biyu, kamar ƙwaryar da ta cika da nono.

Mai rumfar yana karanta mata gargaɗin da ya fito: kalmar sirrin asusun wayarta ta faɗa hannun wasu, za su iya shiga su goge komai, sai a canza ta yanzu.

"Har da hotunan?" take tambaya.

"Har da su, Hajiya. Amma kafin a canza, sai kamfani ya turo lamba ta layin da aka buɗe asusun da shi. Ina layin?"

"Yana aljihun maigidan."

"To, a kira shi mana."

"Damina biyu ke nan da ɓarayin daji suka ɗauke shi a gona."

Mu da muka yi makarantar mishan, mabuɗin akwati a wuya muke rataye shi da zare. Ban san yadda ake tsare mabuɗin da ba a gani ba. Ina zaton a gida akwai autar da ba ta san fuskar ubanta ba sai a gilashin wannan waya.

Mai rumfar yana mayar mata da wayar, ta ƙi karɓa.

"Lambar nan, wurinsa take zuwa?"

"In layin na aiki."

"To, tura, Malam. In bai amsa ba, ka sake turawa."