Ranar da muka sake wa motar sarwis takalman birki

Akwai wata ranar Lahadi da har yau ba ta bar raina ba, kuma ku sabbin direbobi ya kamata ku ji ta daga bakina kafin wani ya ba ku ita da ƙari.

Lokacin ina tuƙa motar sarwis ɗin kiwo, wato ma'aikatar dabbobi, a Mayahi, soja ke mulki, ga fari ya ci ƙasa. Aikinmu kai dusa da allurar dabbobi rijiyoyin arewa, wajen Issawane, inda makiyaya suka taru da sauran abin da ya rage musu. Mota ɗaya gare mu. Sai birkinta ya fara kuka, in na taka sai ka ji kamar ana wasa wuƙa.

Ga yadda doka take a zamanin. Direba ba ya kwance komai a motar gwamnati in ban da taya. In ta lalace, shef, wato shugaban sarwis, ya rubuta takarda, sufurefe mai mulkin gunduma ya sa hannu, a aika Maradi, a jira garejin gwamnati ya kira ka. Wata guda ba komai ba ne. Wanda kuwa ya taɓa mota ta lalace a hannunsa, ana iya cewa ɓarna ya yi da gangan, sai gidan kaso.

Shef ɗinmu, Mushe Haruna, wato Malam Haruna da Faransanci, likitan dabbobi ne, mutum mai son aikinsa. Ya kira ni buro, ofishinsa ke nan, ya rufe ƙofa.

"Ilya, shanun nan ba su kai wata guda. Na samo falaket a Maradi. Ka iya sawa?"

Falaket su ne ƴan takalman da ke matse farantin ƙafar mota in an taka birki. Ban taɓa riƙe su ba. Amma shekarata tara da permin tuƙi, ina zan ce ban iya ba? Na ce, "Mushe, wanga ai ba aiki ba ne."

Na dogara da cewa yana da littafin motar na Faransanci. Shi kuma, ashe, da ni ya dogara.

Lahadi da hantsi muka shigar da motar gidansa, muka ja ƙyaure. Ba kowa sai uwargidansa, Hajiya Rabi, tana aikinta a madafa, da mai gadin gidan, Ahamadu, wani Buzu da raƙumansa suka ƙare a farin. Yana zaune gindin bedi yana dafa shayi, rawani ya rufe masa baki.

Muka ɗaga mota da kirik, muka cire taya. Daga nan aiki ya tsaya. Mushe ya buɗe littafi yana karantawa da ƙarfi, ina gyaɗa kai kamar abin da na sani ne yake tuna mini. In ya ce, "Haka ne ko, Ilya?" sai in ce, "Haka ne, Mushe." In na kama wani ƙarfe na ce, "Wanga za mu cire ko?" sai ya ce, "Wala, shi ke nan!" Har azahar muna tabbatar wa juna abin da ba wanda ya sani. Hajiya ta leƙo ta ce, "Likita, haihuwa ce ta zo gardama?"

Da la'asar muka mayar da tayoyi. Mushe ya share hannu a tsumma ya ce in ja baya mu gwada. Na tada mota, na sa baya, na taka birki. Ƙafata ta tafi har ƙasa, babu komai, kamar na taka auduga. Gidan kuwa gangare ne, kuma madafa ce a bayana, Hajiya na ciki.

Sai na ji murya kamar ta saje: "Taka ka saki! Taka ka saki! Maza!"

Ahamadu ne, yana gudu gefen mota yana dukan ƙofa. Na taka, na saki, na taka. A na huɗu birki ya kama. Amma kafin nan mun riga mun taka randar Hajiya, ruwan da aka yi layin safiya kafin a samo ya bi ƙasa. Ta fito da muciya a hannu, ta dubi randa, ta dube mu, ta ce, "Ku biyu duk da takardunku?"

Ahamadu ya ce a sake ɗaga motar. Ya cire tayar hagu, ya zaro falaket guda ya nuna mana. Mun sa ta a juye, bayan ƙarfen ne ke fuskantar faranti. Ya gyara, ya duba ɗayan gefen, ya duba man birki, ya bayyana mana cewa duk wanda ya sake falaket sai ya tattaka birki ya yi tauri kafin mota ta motsa. Shayinsa bai ma huce ba ya gama.

Mushe ya ce, "Ina ka koyi wannan?"

"Na yi shekara huɗu a gareji can arewa, kafin in komo ga raƙuma."

"Tun safe kana kallonmu! Mi ya hana ka magana?"

"Mushe, ƙofa aka ce in tsare. Kuma na ga kuna da littafi."

Washegari muka kai dusa Issawane, muka yi kwana uku muna allura.

Mayahi ba ta ɓoye zance. Muna dawowa aka ce sufurefe na kiranmu. Kyaftin ne, ba ya dariya. Muka tsaya gabansa.

"Wa ya ba ku izinin kwance motar gwamnati?"

Mushe Haruna, Allah ya jiƙansa, ya ce, "Ni ne, mon kapitan. Direba umarnina ya bi." Ya ba shi labarin duka, har randa.

Kyaftin ya saurara har ƙarshe. Can ya ce, "Yanzu tana tsayawa?"

"Tana tsayawa."

"To. Ban ji komai ba. Ku turo mini mai gadin nan gobe. Takardar tawa motar wata biyu ke nan tana Maradi."

Ba a daɗe ba aka ɗauki Ahamadu makaniken motocin buro, kuma a hannunsa na koyi duk abin da nake koya muku yau. Kullum in na kawo mota sai ya ce, "Malam Ilya, da kanka za ka yi, ko in sa a kwashe randuna?"

Abin da na ɗauka daga ranar nan kaɗan ne. In kun sa falaket, ku tattaka birki kafin ku motsa. In ba ku iya abu ba, ku faɗa tun mota na ƙasa, kunyar ba ta wuce minti guda. Kuma kafin ku kama kile ku kwance ƙusa, ku tambayi duk wanda ke wurin, har wanda ba a aje shi don a tambaye shi ba.