Abin da ke naɗe cikin tsohon harami

Jiya 'yata ta miƙo mini waya, wai in ga wasu Turawa biyu, mace da namiji, suna kaɗa kayan kiɗan kakanninsu na shekaru aru-aru. Da namijin ya ja izga a kan tsirkiya, sai na mayar mata da wayar, na kau da kai. Bari in gaya maka dalili, ko da yake ba labarin da zai wanke ni ba ne.

Ina da shekara goma a gidanmu na unguwar Hindawiyya a Makka, kuma duk gidan ba wanda ya kai ni sa ido. Kowace Alhamis bayan la'asar, wani tsohon tela yakan zo wurin kakana, rungume da wani abu a naɗe cikin tsohon harami. Ko shayi ba ya tsayawa sha. Sai su hau ɗakin saman bene, su sa sakata, su toshe ƙasan ƙofa da tsumma, a cikin zafin nan na Makka.

Me tsofaffi biyu ke ɓoyewa haka? Na shiga bincike. Na tsinci gashin wutsiyar doki a matakala. Wata rana guntun ƙaro, sai kuma yankin fatar guza. Na tara su a gwangwanin madara, na yanke hukunci ni kaɗai: asiri ne. Ga shi mahaifiyata ta daɗe tana fama da ciwon kai. Ai biri ya yi kama da mutum. Na kai wa ƙanen mahaifina, wanda bai daɗe da fara limanci a masallacin unguwa ba.

Alhamis na zuwa ya hau, ina biye da shi. Ya sa kafaɗa ya ɓalle sakatar. Sai ga kakana da gurmi a cinya, tela da kukuma, sun jiƙe sharkaf da gumi, suna kiɗa ƙasa-ƙasa.

Liman ya ce, "Esh hada, mene ne wannan, Baba? Kiɗa, a Makka?"

Kakana bai ɗaga murya ba. "Taken garinmu ne. Da shi ubana ya tako daga ƙasar Katsina har Sudan. Mu biyu muka rage da muka san shi."

Sannan ya dube ni, ya dubi gwangwanin da ke hannuna. Da ya mare ni, da ya fi mini sauƙi.

Tela ya fita hannu rabbana, don kunyar ratsa unguwa da kukumar. Bai sake tako gidanmu ba har ya rasu. Ciwon kan mahaifiyata kuwa, tabarau ne ya warkar da shi.

Yanzu a Jidda har tikiti ake saye a je kallon makaɗa. Gurmin da kukumar suna nan cikin kabad ɗina, a naɗe cikin haramin. 'Yata ta tambaye ni da Larabci ko mu ma muna da kiɗan dā irin na Turawan nan. Na ce muna da shi mana. Ta ce to, in rera mata taken. Na buɗe baki, sai na tuna sau ɗaya tak na taɓa jin sa, kuma ni na katse shi.