Fitar Yaya Cikin Takaba

Yayata tana cikin takaba lokacin da masu duba sankarar mama suka zo unguwarmu, Nyanshegu. Tun kafin mijinta ya rasu ta aiko matata ta shaida mini wani ƙullutu ya fito mata a mama, mai tauri, ba ya ciwo, tana son rubutu. Mace ba ta faɗa wa ƙanenta irin wannan da bakinta. Na rubuta ayoyin neman waraka a allo, na wanke, na aika mata a kwalba. Ta sha. Matata ta ce ƙullutun ƙaruwa ma ya yi.

Wata Juma'a liman ya sanar da Dagbanci da Hausa cewa ma'aikatan lafiya sun kafa rumfa a filin makaranta, mata ne ke duba mata, kuma da la'asar za su naɗe kaya su wuce ƙauyuka. Ban tsaya gaisawa da kowa ba, na nufi gidan Yaya.

A ƙofar ɗakinta na tarar da yayar marigayin, tsohuwar da muke kira Hajiya, tana ɓarar gyaɗa. Ita ke tsaron takabar.

"Hajiya, larura ce. Addini ya yarda mai takaba ta fita neman magani."

"Malam, kai da littafi kake. Ni da bakin mutane nake. A ce ƙasar kabarin ƙanena ba ta bushe ba, matarsa tana fili?"

"Ba yawo za ta ba."

"Ba kai ka ba ta rubutu ba? Ko ba ka yarda da hannunka ba ne?"

Maganar ta soke ni. Na ce da Allah na yarda, kuma Shi ya kawo mutanen nan har unguwarmu. Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.

Na koma filin makaranta. Har sun fara tattara bencuna. Babbar nas ɗin Kirista ce daga kudu, Hausarta ta kasuwa. Ta saurare ni, ta dubi motarsu, ta ce, "Yayanka bai iya zo? To, ni na je." Muka hau yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku.

Hajiya ta kalle ta sama da ƙasa. "Baƙuwa ba ta taɓa mai takaba ban san me hannunta ke yi ba. Fara da ni."

"To, Mma, mu shiga."

Suka saki labule. Na zauna a tsakar gida da carbi, ina ja ban san inda na kai ba. Aka kira la'asar suna ciki.

Nas ta fito babu murmushi. Ta ce Hajiya lafiyarta ƙalau, amma na Yaya hannu bai isa ya tantance ba, sai babban asibiti, kuma kada a jira takaba ta ƙare. Hajiya ta buɗe baki za ta yi magana, sai muryar Yaya ta fito daga ɗaki, a hankali.

"Hajiya, 'ya'yan ƙanenki sun rasa uba. Ki bar musu uwa."

Tsohuwar ta daɗe tana kallon tafin hannunta. Ashe ita ma nas ta sa ta taɓa ƙullutun Yaya.

"Ranar Litinin ni zan shige gaba," ta ce. "Mai magana ya same ni."

Da safiyar Litinin Yaya ta fito da zanen takaba, babu kwalli, babu turare. Matan da ke layin famfo suka yi tsit. Hajiya ta bi su ɗaya bayan ɗaya da gaisuwar safe ta Dagbanci, "Dasiba," dole kowacce ta amsa, "Naa."

A asibiti aka tabbatar sankara ce, amma ba ta yaɗu ba. Aka yi mata aiki. Da bandeji a ƙirji Yaya ta cika takabarta, Alhamdulillahi, tana shan maganin asibiti, tana kora shi da rubutuna.