Babban Yatsan Uwar Layi

"Wai da gaske ne ba ta kallo?"

"Kallon me?"

"Allon mana. An ce tana jera kaya tana hira, idonta na kan fuskarki."

"Ke sabuwa ce, shi ya sa kike tambaya. Shekarata takwas a gefenta, ban taɓa ganin an dawo mata da allo ɗaya ba. Ni kuwa da nake zuba ido kamar mai neman allura, kowane mako sai an kira ni."

"To ita da me take gani?"

"Da babban yatsa. Matsa in ɗauki hulata, ƙararrawa ta kusa."

A ɗakin canza kaya na mata ake wannan magana, kuma wadda ake zancen tana bayan kabad ɗin ƙarfe, tana ɓalla maɓallan shuɗiyar rigar aikinta. Ta ji komai. Ba ta yi gyaran murya ba, ta bar su suka fita, sannan ta bi bayansu tana murmushin da bai kai ciki ba.

Uwar Layi ake kiranta, kuma sunan ya daɗe har masu gadin ƙofa ba su san wani ba. Shekara ashirin da ɗaya ke nan da ta shigo wannan masana'anta mai haɗa allunan fitilun sola, da goyo a bayanta, ta bar yaron wurin mai shara ta shiga gwajin ɗaukar ma'aikata. An zube mata ƙananan kayan lantarki a faranti, aka ba ta hantsaki, aka ce ta jera su a ramukan allo kafin minti biyar. Ta gama a uku. Da aka tambaye ta inda ta koya, ta ce ita ɗinkin hannu ta taso tana yi, kuma ramin allura ya fi waɗannan ƙanƙanta.

Tun ranar take kujera ta huɗu. Layin dogon tebur ne mai bel da ke jan kaya a tsakiya, mata goma sha biyu a jere, kowace da igiya ɗaure a wuyan hannu don kada wutar jikin mutum ta lalata kaya. Koren allo mai faɗin tafin hannu yakan zo gabanka, ka soka abin da aka ba ka, ka ɗiga masa alamarka da alƙalami a gefe, ya wuce wurin masu liƙe ƙafafun da dalma. Alamar Uwar Layi ja ce. Nata rabon kuwa kafasita ne, wani ɗan abu mai kama da ƙaramar ganga, da ƙafafun waya biyu, ɗaya doguwa ɗaya gajera. Doguwar ramin hagu take shiga. In aka juya shi, fitila za ta kama lafiya lau, sai bayan kwanaki a ɗakin wanda ya saya abin ya kumbura ya fashe. Akwai farin zane a jikinsa mai nuna gefen gajeriyar ƙafa, kuma shi sauran mata ke dubawa. Ita ba ta buƙatarsa. Hannu ya shiga kwali, babban yatsa ya shafi ƙafafun, doguwa ta tafi hagu, ita kuwa tana ba wata shawara a kan yaye.

A kujerar nan ta yi cikin 'ya'ya uku, daga nan ta aurar da biyu. Duk wadda ta zauna a layin, ita ta koya mata riƙon hantsaki da yadda ake sauke kafaɗa don kada wuya ya ƙage kafin la'asar. In rigima ta tashi a kan wa ya ɗauki kujerar wa, ita ake jira. Amarya, maƙwabciyarta ta kujera ta biyar, wadda ta zo aiki da lallen aure a hannu sunan ya bi ta har ta haifi na uku, takan ce da Uwar Layi za ta yi zazzaɓi, da bel ɗin ma ya kwanta.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, shekara biyu ke nan idonta ya fara yi mata rowa. Na nesa tana gani sarai. Na kusa ne ya zama kamar ana kallo ta cikin ruwan wanki. Ta daina ɗinki ta ce bayanta ne. Saƙo in ya shigo waya, sai ta miƙa wa autarta ta ce hannunta da sabulu. Ba ta je an duba ta ba, domin ta ga yadda aka yi da mata biyu da ido ya gaza: ɗakin kwali aka mayar da su, inda ake tsayuwa wuni ana manna salatif. Matan layi suna kiran ɗakin "gidan gajiya". Ita dai ta riƙe yatsanta ta yi shiru.

Ran nan da safe aka ajiye mata sabon kwali, daga wani sabon dillali. Bel ya tashi, allo ya iso, ta zura hannu tana tsokanar Amarya a kan takalminta. Yatsa ya shafa. Ya sake shafawa. Ƙafafun biyu tsayinsu ɗaya, an datse su tun daga can.

Ta ɗago abin kusa da fuska, ta ga shuɗi da wani hazo-hazo. Da ta miƙe hannu can nesa, da wataƙila ta ga zanen, amma bel ba ya jira, kuma idanu ashirin da biyu ne a layin.

"Inna, lafiya? Yau ke ce da kallon kaya?" in ji Amarya.

"Sabon dillali ne, ina ganin ko yana da mutunci."

Ta soka inda ta fi zato, ta ɗiga ja, allo ya wuce. Na biyu ma haka. Wani ta ga kamar ta hango fari, wani kuwa Allah kaɗai ya sani. Hira ta ɗauke mata. Zufa ta jiƙa bakin hularta duk da sanyin na'urar da ke ɗakin. Kafin ƙararrawar hutun rana ta ɗiga wa allo sittin da huɗu alama.

A ɗakin cin abinci ta buɗe kwanonta ta rufe. Ta san abin da ke biye. A ƙarshen layi Mai Gwaji ke zaune da babban gilashin ƙara girma, yana bin aikin kowace mace ɗaya bayan ɗaya, sannan ya jona wuta. Amma ya daɗe da daina duba kujera ta huɗu. In ya ga jan ɗigo, wuta kawai yake jonawa ya tura. Shi da bakinsa yake cewa duba aikin Uwar Layi ɓata wa gilashi lokaci ne. Ke nan in ta kama bakinta, allunan za su shiga kwali yau, ba wanda zai san an yi kuskure. Sai dai wata mata can da ta kunna wa 'ya'yanta fitila suna karatu.

Ta miƙe.

"Ina zuwa, Inna? Ba ki taɓa abincin ba," in ji Amarya.

"Ci nawa ki ƙara, ke mai shayarwa."

Ta same shi yana shan shayi a kan teburinsa, ƙafa ɗaya kan ɗaya. A bayansa tire uku cike da allunan safe, an riga an manna musu takardar wucewa.

"A'a, Inna da kanta! Wa ya yi laifi?"

"Ni. Na safen nan, ka duba nawa?"

Ya yi dariya har shayi ya kusa sarƙe shi. "In duba naki? Ai sai a ce na raina manya."

"To raina ni yau. Ajiye kofin nan ka jawo gilashinka."

Ya dube ta, ya ga ba wasa a fuskar. Ya ɗauki allo na farko, daidai. Na biyu, daidai. A na uku ya tsaya, ya goge gilashin da bakin rigarsa, ya sake leƙawa. Ya ajiye shi gefe a hankali kamar ƙwai.

"Kuskure ne, Inna, kowa na yi. Bari in ware su tsakanina da ke, in ba masu dalma su juya. Ba sai Injiniya ya ji ba."

"Gobe fa? Jibi fa? Kullum za ka riƙa share min baya? Ɗan nan, ba na ganin zanen. Shekara biyu ke nan. Je ka kira shi."

Kafin Injiniya, mai kula da layin, ya sauko daga ofis, hutu ya ƙare, mata sun dawo sun tarar bel a tsaye. Aka yi cirko-cirko. Injiniyan sa'an babban ɗanta ne, kuma ita ta nuna masa inda ake rataye riga ranar da ya fara aiki. Ya tsaya Mai Gwaji ya gama bin tire ukun. Goma sha tara ne a juye.

Uwar Layi ta maimaita maganarta a gaban kowa, ba ta rage ba, ba ta sunkuyar da kai ba. Ta ce laifin ba na dillali ba ne, ba na Mai Gwaji ba ne, ko da yake shi ma daga yau ya daina yarda da ɗigon kowa, ko na uwarsa ne.

Amarya ce ta fara magana. "Shekara biyu? Ina gefenki, Inna? Ashe ni ce makauniyar."

"Ke da ba ki ganin naki aikin, nawa za ki gani?"

Dariya ta ɓarke, wasu suna share ido da bayan hannu. Injiniya bai yi dariya ba. Ya juya allo ɗaya a hannunsa ya daɗe.

"Inna, ba zan iya mayar da ke kujerar a haka ba."

"Na sani. Da ka mayar da ni, da na raina ka."

"Ki je a duba idon. Ran Litinin ki dawo da abin da likita ya ba ki, in zube miki faranti kamar sabuwar shiga. Minti biyar. In kin ci, kujerarki ce. In ba ki ci ba..."

"Gidan gajiya. Faɗi mana, ba zagi ba ne."

Ta kwance igiyar wuyan hannunta, ta naɗe ta, ta ajiye a kan tebur. Ta nuna wa wadda za ta riƙe kujerar inda za ta sa kwalin don haske ya faɗa kan zanen, ta gyara mata zaman kafaɗa, sannan ta fita da rana tsaka, abin da ba ta taɓa yi ba.

A tsakar gida ta tarar da maigidanta, tsohon direba da ya ajiye tuƙi, yana gyaran maɗaurin bokiti, tabarau a kan karan hanci. Shekara biyar tana kiransa mai ido huɗu. Ya ɗago ya dubi rana, ya dube ta.

"Lafiya? Wuta aka ɗauke muku?"

"Wutar ido ce ta ɗauke."

Ta zauna a bakin tabarma ta ba shi labari tun daga kwali har faranti. Ya saurara bai katse ta ba, sai gefen bakinsa da ya fara motsi.

"Wato ciwon bayan da ya hana ki ɗinke min aljihu..."

"Malam."

"Ban ce komai ba. Ina dai lissafi ne, huɗu da huɗu takwas."

Ta harare shi, sannan ta miƙa hannu ta zare tabarau ɗin daga hancinsa ta ɗora a nata. Ta dubi tafin hannunta, ta ga zanen da ta manta yana nan, da wurin da ya yi kanta a kan babban yatsa. Ta daɗe tana kallo kafin ta mayar masa.

"Gobe da sassafe ka raka ni wurin likitan ido. Don Allah ka bar bakin nan naka a gida."