Facin da Yaya ya yi wa jif ɗin Baba

Mahaifinmu yana da wata tsohuwar jif, irin mai ja da ƙafa huɗu, wadda ya saya tun yana fataucin shanu. Da tsufa ya kama shi ya bar kasuwa, sai ya rage wa kansa 'yan shanu, ya bar su a hannun wani makiyayi a ruga can bayan duwatsu, hanyar da ƙaramar mota ba ta isa ta bi ba. Duk shekara, kafin ruwa ya zauna, Baba da kansa yake kai musu kanwa. Ba ya aike. Yakan tsaya a bakin komi yana kallon su suna sha, yana shafa wannan, yana yi wa waccan magana. Ni ne direbansa, domin shagon ɗinkina yana nan Tudun Wada kusa da gida.

Kanwar nan ita ta cinye motar. Shekara da shekaru muna loda buhuna a baya, ruwa ya jiƙa su a hanya, ruwan kanwa ya tsiyaya ta ƙasan bodi ya kwanta a kan casis, wato dogon ƙarfen da duk motar ke zaune a kansa. Mu kuwa sai mu wanke sama ta yi ƙyalli. Ba wanda ya taɓa durƙusawa ya leƙa ƙasa.

A shekarar da gwiwoyin Baba suka ƙi, har sallah ta koma masa a kan kujera, na fara jin wani ƙara a baya duk lokacin da na shiga rami. Na kai ta wajen wani tsohon mai walda a unguwar Congo-Russia, nan cikin Jos, mutum marar fara'a amma mai hannu. Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi da ƙaramar guduma. Bugu ɗaya, sai ga tsatsa tana zubo masa a fuska kamar ƙanzon tukunya. Ya fito yana tofar da yawu ya ce, "Oga, motan nan bayan shi ya mutu. Wurin da sifirin yana kama, babu ƙarfe, ƙasa ne."

Yana nufin inda sifirin, ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota a kan taya, yake manne da casis. Ya yi mini bayani dalla-dalla. Sai an ɗage bodi gaba ɗaya, a yanke ruɓaɓɓen wurin har inda ƙarfe mai rai ya fara, a nemo irinsa a wajen 'yan gwangwan, a auna, a zura wani ƙarfen a ciki ya riƙe gaɓar, sannan a yi walda. Mako uku, in an samu ƙarfen da wuri. Na lissafa, na ga za mu iya kai kanwa kafin rafin da ke gaban ruga ya cika, ko da da ƙyar ne.

Ana cikin haka Yaya ya zo hutun ƙarshen mako daga Abuja.

Yayana mutum ne da bai taɓa jin wata magana ya ce bai sani ba. Ka kawo zancen ciwon koda, likita ne. Ka kawo na rijiya, shi ya koya wa masu haƙa. A iya sanina bai taɓa canja tayar mota da hannunsa ba, amma da ya ji an ce mako uku sai ya yi wata dariya ta hanci, ya ce wannan ita ce matsalar mutanen Jos, komai sai an ja shi. Ya ce tsohon so yake ya mai da ƙaramin abu babba don a ce ya iya. Ya karɓi makulli a hannuna a gaban Baba, ya ce yana da wani fanel-bita, mai gyaran jikin mota, a Farin Gada wanda zai gama kafin ya koma.

A gidanmu ƙane ba ya musa wa wa a gaban uba. Haka muka tashi, kuma Baba yana ji da wannan tarbiyya fiye da yadda yake ji da shanunsa. Na buɗe baki na ce ai an nuna mini wurin, sai Baba ya ɗaga hannu ya ce in bar yayana ya yi abin da ya gani. Na yi shiru. Har yau in na tuna shirun nan sai in ji na raina kaina kusan yadda na raina aikin da aka yi.

Kwana biyu motar ta dawo. An wanke ta, an sa wa kujeru sabuwar riga mai gashi-gashi, an rataya turare a madubi. Yaya ya sa aka fito da Baba ƙofar gida ya gani. Ni na kwanta na leƙa. Fanel-bitan ya samo fallen ƙarfe, da gani na tsohon ƙyaure ne, ya lanƙwasa shi a kan tsatsar, ya ɗiga walda nan da can, ya shafe komai da baƙin fenti mai kauri. Ko kankare ruɓar bai yi ba. Ya dai yi mata lulluɓi. Yaya ya bugi bodi da tafin hannu ya ce wannan motar yanzu har Legas sai ta je. Ya ɗauki hoto da Baba a jikinta, washegari ya hau motarsa mai sanyi ya koma inda kwalta take.

Da daddare ban yi komai ba, da safe ma ban yi ba. Ina iya komawa wajen tsohon mai walda a ɓoye, amma da Baba ya ji zai ce na ci fuskar yayana. Sai na rage buhuna biyu daga lodin, na ce wa kaina zan bi a hankali.

Mun fita bayan sallar asuba. A kan kwalta lafiya lau. Da muka sauka hanyar duwatsu na sa giyar ƙarfi, muna tafiya kamar masu rakiyar gawa, Baba kuwa sai zuba yake, yana nuna mini inda suka taɓa yada zango da garke. Rabona da in ji shi yana hira haka har na manta. Muka iso rafin, ruwa bai kai gwiwa ba. Tayar baya ta hau wani dutse, ta sauka, sai na ji ƙas. Bayan motar ya zauna gefe ɗaya, taya ta shige cikin bodi. Na fita na duba. Facin ya ɓalle yana lilo, sifirin ya tsinke daga mazauninsa, fentin kuwa yana nan da ƙyallinsa.

Daga nan zuwa ruga tafiyar sa'a guda ce a ƙafa, hawa da gangara. Na kira makiyayin a waya ya zo da babur. Muka gwada ɗora Baba, ƙafarsa ta ƙi tanƙwaruwa, ya yi ta cije leɓe har ya ce mu sauke shi. Ba a iya koro shanun ba, domin gonakin mutane ne a tsakani kuma an riga an yi shuka. Muka shimfiɗa masa darduma a gindin wata bishiya. Ni da makiyayin muka yi ta jigilar kanwa buhu-buhu, na tsaya aka jiƙa, aka ba su, na juyo a guje saboda na bar tsoho shi kaɗai.

Da la'asar wata motar dankali ta kwaso mu. Jif ɗin kuwa sai da aka janyo ta zuwa Congo-Russia. Tsohon mai walda ya ɓamɓare facin da hannu, ya jujjuya shi, ya jefar. Ya yi aikinsa yadda ya faɗa, mako uku cif. Kafin nan rafi ya cika, kuma kafin wata shekarar Baba ya daina fita ko ƙofar gida.

Amma ranar da abin ya faru, muna shiga gida Yaya ya kira. Baba ya karɓi wayar. Ina tsaye ina jira in ji yadda za a gaya masa. Sai na ji Baba yana cewa, "Mun je lafiya, mun dawo lafiya. Shanu sun sha kanwa. Allah ya yi maka albarka." Ina jiyo muryar Yaya ta cikin wayar yana cewa ai dama ya faɗa.

Baba ya ajiye wayar. Ya daɗe yana murza gwiwarsa, sannan ya ɗago ya tambaye ni ko jar saniyar nan mai karyayyen ƙaho ta haihu, kuma me ta haifa.

Na ce masa ban duba ba.